Darasi na 14: Kukan Birai a Daji da Abin da Yake Nufi

Kafin ku shiga karatu, ku lura da kalmar nan "kuka". A Hausa ba zubar da hawaye kaɗai ake kira kuka ba. Sautin da dabba ko tsuntsu yake fitarwa daga bakinsa shi ma kuka ne. Wasu dabbobin suna da tasu kalmar ta daban: kare yana haushi, doki yana haniniya, zakara yana cara, zaki kuwa yana ruri. Biri bai sami tasa ba, don haka sai a ce "kukan biri" kawai.

Hausawa suna cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. A kan mutane ake yin wannan karin magana, amma masana halayyar dabbobi sun daɗe suna yin irin tambayar da ke cikinsa game da birai. Shin kukan biri jawabi ne? In jawabi ne, me yake faɗa? Kuma shin biri yana iya sarrafa kukansa yadda ku kuke sarrafa magana? Ku riƙe waɗannan tambayoyi a zuci yayin da kuke karatu.

Birai uku, abokan gaba uku

A ƙasar Kenya akwai wani gandun daji mai suna Amboseli, kusa da dutsen Kilimanjaro. A can ake samun wani biri mai baƙar fuska da doguwar wutsiya wanda ake kira babet. Ɗan'uwan kirka ne na kusa, wato birin nan da ake gani a gandun dajin Yankari da sauran dazuzzukan Nijeriya. A shekarar 1967 wani masani, Thomas Struhsaker, ya bayyana cewa kukan da babet yake yi idan ya hangi damisa ya bambanta da wanda yake yi idan ya hangi gaggafa, kuma duka biyun sun bambanta da na mesa. Na damisa haushi ne mai ƙarfi. Na gaggafa gajere ne, kamar tari sau biyu. Na mesa kuwa wani cacaniya ne mai kama da kaɗawar haƙora.

Kowane kuka da abin da birai suke yi idan sun ji shi. In na damisa ne, sai su haye bishiya, su nufi siraran rassa inda nauyin damisa ba zai bar ta ta bi su ba. In na gaggafa ne, sai su ɗaga kai sama, su faɗa cikin duhuwar ƙananan itatuwa, domin wanda ya tsaya a ƙololuwar bishiya ya miƙa kansa ga gaggafa ke nan. In na mesa ne, sai su miƙe a kan ƙafafu biyu suna leƙen ciyawa. Kun ga ashe kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne. Birin da ya ji kukan gaggafa ya gudu saman bishiya zai iya rasa ransa.

To, amma mai shakka zai iya cewa: ai biran sun ga damisar ne da idonsu, kukan bai gaya musu kome ba. Domin a warware wannan, wasu masana uku, Robert Seyfarth da Dorothy Cheney da Peter Marler, suka naɗi kukan biran a na'ura. Suka ɓoye lasifika a cikin ciyawa, suka jira lokacin da babu damisa, babu gaggafa, babu mesa, sannan suka kunna. Da biran suka ji kukan damisa sai suka haye bishiya. Da suka ji na gaggafa sai suka dubi sama. Da suka ji na mesa sai suka dubi ƙasa. An buga sakamakon a shekarar 1980, kuma tun daga lokacin wannan dabara ta naɗar kuka a sake kunna shi ta zama babban makamin masu wannan bincike.

Akwai abin lura game da 'ya'yan babet. Ɗan biri yakan yi kukan gaggafa idan ya ga kurciya, ko ungulu, wani lokaci har da ganye mai faɗowa. Yakan yi kukan damisa idan ya ga gadu. Kuskure ne, amma ba na hauka ba: ba ya yin kukan gaggafa saboda abin da ke tafiya a ƙasa, ba ya kuma yin na damisa saboda abin da ke tashi sama. Yana girma yana rage kuskuren, har ya san tsuntsun da ya cancanci a yi masa kuka. Idan kun taɓa jin ƙaramin yaro yana kiran kowane namiji babba "baba", kun san irin wannan kuskure.

Gashaka Gumti

Yanzu mu dawo gida. Gashaka Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Nijeriya. Yana cikin jihohin Taraba da Adamawa, a kan iyaka da Kamaru. A cikin kurminsa akwai wani biri mai duhun jiki da farin tabo a hanci, kamar an ɗiga masa alli. Shi ake kira biri mai farin hanci. Sukan zauna ƙungiya-ƙungiya, babban namiji ɗaya da mata da yawa da 'ya'yansu, kuma namijin ne yake yin kuka mai ƙarfi da ake ji daga nesa.

Wasu masana biyu daga Jami'ar St Andrews ta ƙasar Sikotilan, Kate Arnold da Klaus Zuberbühler, sun bi waɗannan birai a Gashaka, suka ga cewa manyan kukan namijin iri biyu ne. Ɗaya yana fita kamar "piyau", ɗayan kamar "hak". Idan gaggafa mai tukku ta bayyana, wadda ita ce babbar maƙiyiyar biran kurmi, sai namijin ya jera "hak, hak, hak". Idan damisa ce, ko wani motsi a ƙasa da bai yarda da shi ba, sai ya jera "piyau, piyau, piyau".

Abin mamakin yana wurin haɗawa. Wani lokaci namijin yakan yi "piyau" sau ɗaya zuwa uku, ya bi shi da "hak" wanda bai wuce sau huɗu ba. Ku tsaya ku yi tunani: in "piyau" damisa ne, "hak" kuma gaggafa, me haɗin zai nufa? Kuna iya zaton damisa da gaggafa ne suka zo tare. Ba haka ba ne. Idan matan suka ji wannan jeri sai su bar abin da suke yi, ƙungiya ta tashi ta yi gaba. Ma'anarsa kusan "mu tafi" ce. Namijin yakan yi shi ko da babu wani abin tsoro, misali idan lokacin neman wani wurin kiwo ya yi. An buga wannan bincike a shekarar 2006. Daga baya masanan suka gwada da lasifika, suka ga cewa matan sun fi yin tafiya mai nisa bayan jin "piyau-hak" a kan jin "piyau" zalla ko "hak" zalla. Suka kuma ga cewa kiran namijin ƙungiyarsu suke amsawa, ba na baƙo ba. Ashe daga jeri ɗaya mace tana gane mai kukan, tana kuma gane abin da yake so a yi.

Ku da kuke koyon Hausa kun san irin wannan haɗi. "Ci" kalma ce, "gaba" kalma ce, amma "ci gaba" ba shi da alaƙa da abinci. Haka "farin jini" ba launin jini yake nufi ba, "ɗan sanda" kuma ba sanda ce ta haife shi ba. Ma'anar haɗin daban take da ma'anar sassansa, dole sai an koye ta a dunƙule. "Piyau-hak" ya fi kama da irin waɗannan a kan jumla sosai, domin jumla ana gane ta ne ta hanyar tara ma'anonin kalmominta.

Ɗafa-ƙeya a kurmin Tai

A darasin nahawu kun koyi ɗafa-ƙeya, wato ɗan ƙarin da ake liƙawa a ƙarshen kalma ya sauya mata ma'ana, kamar "-anci" a "Turanci" da "Yarabanci". A kurmin Tai na ƙasar Kodebuwa an sami wani abu mai kama da haka a bakin birin Kambel. Wani masani ɗan ƙasar, Karim Ouattara, tare da Alban Lemasson da Zuberbühler, sun bayyana a shekarar 2009 cewa namijin yana cewa "krak" idan ya ga damisa, yana cewa "hok" idan ya ga gaggafa. Amma yana iya ƙara "uu" a ƙarshe. "Krak-uu" gargaɗi ne na kowane irin tashin hankali, ba lalle damisa ba. "Hok-uu" kuwa na abin da ke faruwa ne a saman bishiyoyi. Wato "uu" yana sassauta ma'ana, ya faɗaɗa ta.

Yana da wani kukan kuma mai zurfi, "bum", wanda yakan yi sau biyu. Idan ya yi "bum, bum" ya bi su da jerin "krak-uu", sau da yawa bishiya ce ko babban reshe ya faɗi. A kurmin akwai wani biri daban, birin Dayana, wanda yakan yi kiwo tare da na Kambel. Yana jin kukan maƙwabcinsa, yana kuma gane shi. Idan ya ji gargaɗin Kambel zai tayar da hankali, amma idan "bum, bum" ya riga gargaɗin, ba ya damuwa sosai. Har wata babbar cilakowar kurmi tana bambanta kukan damisa da kukan gaggafa a bakin birin Dayana. Na gaggafa take amsawa, domin gaggafa ce take iya kama ta. Damisa ba ruwanta da mai fuka-fukai a saman bishiya.

A tsibirin Tiwai na ƙasar Saliyo ma akwai birin Kambel, sai dai an daɗe babu damisa a can. Biran Tiwai suna cewa "krak" kamar 'yan'uwansu na Tai, amma a wurinsu gargaɗi ne na abubuwa iri-iri, har da gaggafa. Sautin ɗaya ne, wurin amfani ne ya bambanta.

Yaushe ake kuka, yaushe ake shiru?

Me ya sa biri zai yi kuka ya tona wa kansa asiri a gaban damisa? Dalili ɗaya shi ne ya gargaɗi 'yan'uwansa. Akwai na biyu. Damisa kwanton ɓauna take yi, ba ta iya tsere da biri a kan rassa. Da zarar ta san an gan ta, farauta ta lalace. A Tai an bi wata damisa da aka sa wa na'urar bin sawu a wuya, aka ga cewa idan birai suka yi mata ca da kuka, takan tashi ta bar wurin. Kukan, ke nan, har da ita damisar ake yi wa.

Cimfanzi kuwa, babban birin nan marar wutsiya, yana farautar ƙananan birai, kuma yana hawa bishiya ya bi su. Mutum mai bindiga ma daga ƙasa yake harbo su. Yi wa waɗannan kuka nuna musu wurin ɓuya ne. Saboda haka idan biran Dayana suka ji motsin cimfanzi ko na mutum, sai su yi tsit, su sulale. Tsoron yana nan, watakila ma ya fi na damisa, amma bakin a rufe. Wannan ya nuna cewa kukan biri ba kamar atishawa ba ne da ke fita ko an so ko ba a so. Biri yana zaɓen lokacin kuka, yana kuma duba wanda ke kusa. An lura cewa macen babet ta fi yawan yin gargaɗi idan ɗanta yana wurin.

Iyakar abin

Kada labaran nan su ruɗe ku. Jaridu suna son rubuta cewa "birai suna magana", kuma biri ya yi kama da mutum, amma akwai wata iyaka da bai tsallake ba. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Senegal ya fito da ita fili.

A gandun dajin Niokolo-Koba akwai koren biri, wani ɗan'uwan babet da kirka. Masana daga Jamus, ƙarƙashin jagorancin Julia Fischer, sun daɗe suna bin sa ba su ji ya yi wa gaggafa kuka na musamman ba. Sai suka tayar da ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi ya bi ta saman biran, abin da ba su taɓa gani ba. Biran suka yi kuka, kuma da aka auna sautin sai aka ga ya yi kama ƙwarai da kukan gaggafa na babet ɗin Kenya, wanda ke can ɗaya gefen nahiyar. Babu wanda ya koya musu. Bayan 'yan kwanaki aka kunna musu ƙarar jirgin ta lasifika, sai suka riƙa ɗaga kai suna duban sama. Wasunsu sau ɗaya tak suka taɓa jin ƙarar kafin nan. An buga wannan a shekarar 2019.

Abu biyu ne suka bayyana. Kunnen biri mai saurin koyo ne: ya ji sabon sauti sau ɗaya, ya san abin da yake nufi. Bakinsa kuwa ba haka yake ba. Bai ƙirƙiro wa jirgin sabon suna ba, sai ya ɗauko kukan da aka haife shi da shi. A nan maganar Hausawa ta zauna daidai, cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. An taɓa ba wa birai na wani jinsi renon jariran wani jinsin, jariran suka girma suna kuka kusan irin na iyayen da suka haife su, ko da yake sun gane kukan masu renonsu. An kuma ɗauki hoton cikin bakin biri da maƙogwaronsa yana motsa su, aka ga cewa suna iya fitar da wasula da dama. Abin da ya rasa yana cikin ƙwaƙwalwa ne, wato ikon jin sabon sauti ya kwaikwaye shi da gangan.

Ku gwada wannan da kanku. Yaron da aka haifa a Inugu ko Ibadan, in aka rene shi a Kano, Hausa zai tashi da ita kamar kowane Bakano. Ku ma da kuka fara ta a aji, da farko "ƙ" da "k" ɗaya suke a kunnenku, ga shi yanzu kuna bambanta "ƙafa" da "kafa", kuna kuma furta su. Kuna iya ba da labarin damisar da kuka gani bara, ko wadda ba ku taɓa gani ba, ko ku yi tambaya a kanta. Kukan biri bai wuce abin da ke faruwa nan da yanzu ba. A ganin mai wannan rubutu, kiran sa "harshe" wuce gona da iri ne, kiran sa "ihu kawai" kuma rashin adalci ne. 'Yan sautuka kaɗan aka ba shi, amma yana jera su, yana ƙara musu, yana zaɓen lokacinsu, masu saurare kuma suna haɗa abin da suka ji da abin da suka sani.

Duk wannan sani a daji aka same shi, wurin biran da suka saba da ganin masu bincike har suka daina gudu. Sabon yakan ɗauki watanni ko shekaru, kuma mafarauci ɗaya yana iya rushe shi a yini guda. Inda ake sare kurmi ana harbin birai, waɗanda suka rage shiru suke koya. Biri mai farin hanci yana nan a Gashaka Gumti da kurmin jihar Kuros Riba, kuma akwai sauran jinsunan birai a Nijeriya da har yanzu ba a yi wa kukansu irin wannan nazari mai zurfi ba.

Ma'anar wasu kalmomi

Gaggafa: babban tsuntsu mai ƙarfin farce da ke kama ƙananan dabbobi.
Mesa: babbar macijiya da ke naɗe dabba ta haɗiye ta.
Gadu: aladen daji mai haure.
Kurmi: daji mai dogayen bishiyoyi da duhuwa.
Kwanton ɓauna: ɓuya a jira abin farauta ko abokin gaba ya iso.
Yi tsit: yin shiru gaba ɗaya.
Sulale: barin wuri a hankali ba tare da an lura ba.
Wuce gona da iri: yin abu fiye da kima.

Tambayoyi

1. Me babet yake yi idan ya ji kukan gaggafa, kuma me ya sa ba ya hawa ƙololuwar bishiya?
2. Wace shakka ce gwajin lasifika na Amboseli ya warware?
3. Ku bayyana bambancin "piyau", da "hak", da "piyau-hak".
4. Me ya sa birin Dayana yake yi wa damisa kuka amma yake yi wa cimfanzi shiru?
5. Marubucin ya ce kunnen biri ya fi bakinsa saurin koyo. Wace hujja ya kawo daga Senegal?
6. Ku kawo kalmomin Hausa uku masu haɗi irin "farin jini", ku sa kowace a cikin jumla.

Aikin gida

Ku saurari kaza mai 'yan tsaki na tsawon rabin sa'a. Ku rubuta sakin layi biyu da Hausa a kan kukan da take yi idan ta sami abinci da wanda take yi idan shaho ya gitta, da abin da 'yan tsakin suke yi a kowane hali. Sannan ku rubuta sunayen da ake kiran kukan dabbobi biyar da su a harshenku na gida, ku sa na Hausa kusa da kowane.